Bulabulin: Darasin natsuwa daga unguwar da ta ga wuta ta ga ruwa

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Kafin rana ta ɗaga, Kogin Ngadda ya tsallake gaɓarsa ya kwararo cikin Maiduguri. Ya mamaye Gwange da Bulabulin da Fori da Galtimari, ya shiga babbar kasuwar Monday Market da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Alƙaluman hukumomin agaji sun nuna mutum sama da dubu 400 sun rasa matsuguni, Gwamna Babagana Umara Zulum kuma ya ce abin ya shafi kimanin mutum miliyan ɗaya. Sansanin Bakassi, wanda aka rufe tun 2021, sai da aka sake buɗe shi. Rabon birnin da ambaliya irin wannan tun 1994, shekara 30 cif.

Ruwan ya janye cikin 'yan makonni. An kwashe laka daga ɗakuna, an shanya katifu da littattafai, 'yan kasuwa sun koma rumfunansu da ɗan abin da ya rage na jari. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Amma akwai ɓarnar da ba ta shiga takardar ƙididdigar kowace hukuma ba. Wanda ruwa ya taɓa tashinsa daga barci da tsakar dare, ya ɗauki ɗansa a kafaɗa ya ratsa duhu, ba ya jin rugugin hadari yadda sauran mutane ke jinsa. Gidansa ya bushe, jikinsa kuwa bai gama yarda cewa daren ya wuce ba.

A nan ne batun natsuwa ya taso, wato koyon dawo da hankali kan lokacin da ake ciki. Da yawa daga ma'aikatan Abuja suna kallon wannan batu a matsayin kayan marmarin masu hali, abin da ake koyarwa a otal lokacin taron bita a tashi da takardar shaida. Tarihin unguwa irin Bulabulin ya nuna akasin haka. Mafi buƙatar wannan ilimi shi ne wanda jiya ta firgita shi kuma gobe ba ta ba shi tabbas ba, kuma kaso mai tsoka na ilimin yana hannun mutanen Borno tun kafin likitoci su ba shi suna.

Unguwa ɗaya, firgici iri biyu

Bulabulin ɗaya ce daga cikin mazaɓu 15 na Ƙaramar Hukumar Birnin Maiduguri. Unguwa ce ta 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ƙananan ma'aikata, inda ake jin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa a layi guda. Kamar sauran unguwannin cikin gari, ta rayu cikin shekarun da suka biyo bayan rikicin Yuli 2009, lokacin da harbe-harben dare da dokar hana fita da shingayen bincike suka zama ruwan dare. A ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya na tsawon makonni, matasan gari suka fito da gora suka kafa abin da aka sani da Kato da Gora. A watan Yuli na wannan shekara rundunar haɗin gwiwa ta sanar da gano ramukan ƙarƙashin ƙasa da kaburburan bai-ɗaya a wata unguwar mai ɗauke da irin wannan suna, Bulabulin Ngarannam, wadda mayaƙan Boko Haram suka mayar maɓoya har mazaunanta suka watse.

Ke nan yaron da aka haifa a Maiduguri a 2009 ya yi ƙuruciyarsa yana koyon bambanta ƙarar fashewar taya da ƙarar bam, ya ga birninsa ya cika da 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno, ya zauna cikin duhu bayan an tarwatsa turakun wutar lantarki a farkon 2021, sannan yana ɗan shekara 15 ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wani ƙiyasi a mujallar Lancet a 2019, wanda ya nuna cewa a wuraren da yaƙi ya shafa mutum ɗaya cikin biyar, kashi 22 cikin 100, yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, daga tsananin damuwa da fargaba zuwa ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i. Kimanin mutum ɗaya cikin 11 kuma lalurarsa matsakaiciya ce ko mai tsanani. A ɗaya gefen, likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ba su kai 300 ba bisa alƙaluman da ƙungiyarsu ta sha bayyanawa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Titin Baga a Maiduguri shi ne babban madogarar jihohin Arewa maso Gabas. Ko da likitocinsa ba sa barci, ba za su iya ganin kowa ba. Dole a samu abin da mutum zai iya yi wa kansa a tsakar gidansa kafin layi ya zo kansa.

Abin da fargaba ke yi wa jiki

Idan mutum ya ga haɗari, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo jiki ya saki sinadaran adirinalin da kotisol. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, jini ya koma gaɓoɓin gudu, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Wannan rahama ce, domin ita ce ta fitar da mutanen Bulabulin daga gidajensu a daren ambaliya. Matsalar takan zo ne idan haɗarin ya wuce amma ƙararrawar ta ƙi yin shiru. Jiki bai iya bambanta ruwan da ke shigowa ta ƙofa da ruwan da ake tunawa ba. Tunanin kawai ya isa ya sake tayar da bugun zuciya. Idan aka ɗauki watanni a haka, sai rashin barci da ciwon kai da saurin fushi da mantuwa su biyo baya, hawan jini da gyambon ciki kuma su ƙara tsananta ga mai su.

Yawon zuciya ba cutar waɗanda bala'i ya shafa ba ce kaɗai. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi diddigin mutum 2,250 ta hanyar wata manhajar waya da ke tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Sun gano cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutanen yana wani wuri daban da abin da hannunsu ke yi, kuma a irin waɗannan lokuta ne suka fi rashin walwala. Hausawa sun taƙaita wannan hali da cewa ga jiki a nan, zuciya a can.

Abin da ake nufi da halartar da zuciya shi ne mutum ya lura cewa hankalinsa ya tafi, ya dawo da shi kan abin da ke gabansa, ba tare da ya tsawata wa kansa ba. Ba a buƙatar ya kori tunani, domin tunani ba ya koruwa. Ana so ne ya gane cewa tunanin ambaliya tunani ne, a yanzu kuwa ƙafarsa na kan busasshiyar ƙasa. Akwai kuma mabuɗi na jiki: idan aka tsawaita fitar da numfashi fiye da shaƙarsa, sashen jijiyoyin da ke kwantar da jiki yakan karɓi ragama, bugun zuciya ya lafa.

Daga asibitin Amurka zuwa sansanin 'yan gudun hijira

Shigar wannan horo cikin likitancin zamani ta faro ne a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashen rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts. Ya ɗauko dabarun tattara hankali daga al'adun addinin Buda, ya cire musu rigar addini, ya tsara su zuwa darasin mako takwas domin marasa lafiyar da ciwo ya daɗe a jikinsu. Tun daga nan aka yi ta gwaji. A 2014 wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 47 masu mutum 3,515 ya nuna cewa horon yana rage fargaba da tsananin damuwa da zafin ciwo, amma ragi matsakaici. A 2022 kuma wani gwaji da Dakta Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta jagoranta ya nuna cewa darasin na mako takwas ya yi kunnen doki da wani sanannen maganin fargaba wajen sauƙaƙa wa marasa lafiya.

Sai dai wanda ya fi kusa da halin Bulabulin shi ne aikin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ganin cewa wuraren da suka fi buƙatar likitoci su ne suka fi rashinsu, hukumar ta tsara wani darasi na zama biyar, kowane zama kimanin awa biyu, wanda ake kunna shi a faifan murya ga rukunin mutum 20 zuwa 30, ƙarƙashin kulawar mutanen da aka ba ɗan gajeren horo. An gwada shi a arewacin Yuganda a kan mata 694 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, aka wallafa sakamakon a 2020: bayan wata uku, waɗanda suka yi darasin sun fi takwarorinsu samun sauƙin damuwa. An sake gwada shi a Turkiyya a kan 'yan gudun hijirar Siriya 642, inda bayan wata shida adadin waɗanda suka kamu da lalurar ƙwaƙwalwa cikin masu darasin ya kasance kusan rabin na sauran. A wani gwajin da aka yi a ƙasashen Yammacin Turai kuwa, amfanin ya bayyana da farko amma bai ɗore zuwa wata shida ba.

A 2020 hukumar ta fitar da ɗan littafin darasin mai zane-zane kyauta ga kowa. Ginshiƙansa biyar ne: kafa ƙafa a lokacin da guguwar damuwa ta taso, ɓalle kai daga ƙugiyar mugun tunani, aiki da abin da mutum ya ɗauka da daraja, tausasa wa kai da sauran mutane, da kuma yi wa raɗaɗi wuri a zuciya maimakon kokawa da shi. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar wutar lantarki ko kuɗin mota.

Abin da Borno ta riga ta mallaka

Wasu za su yi ɗari-ɗari da jin an ambaci asalin horon a wani addini, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amsar ita ce numfashi da lura ba mallakin wata al'umma ba ne, kuma Borno, ƙasar tsangayu da mahaddata, tana da nata rumbun.

Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san cewa natsuwa na cikin farillan sallah, wato gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada da zama kafin a wuce gaba. Sananne ne kuma hadisin mutumin da aka yi ta mayar da shi ya sake sallah saboda gaggawar da ya yi a cikinta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya halartar zuciya a farkon abubuwan da ke raya sallah a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya kuma yi dogon bayani kan yadda ake maganin yawon tunani, har da kawar da abubuwan da ke ɗauke ido daga wurin da ake sallah. Tun kafinsa, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan kiwon lafiyar jiki da ta rai, inda ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da yake cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Marigayi Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci.

A aikace, Maiduguri birni ne da ake zama a yi shiru ko a maimaita lafazi guda cikin tsari kowace rana. A zawiyoyin Tijjaniyya, irin ta marigayi Shehu Ahmad Abul Fathi da ta Shehu Sharif Ibrahim Saleh, ana zaman wazifa a da'ira, murya ɗaya, ƙidaya ɗaya. Waɗanda ba sa bin ɗariƙa suna da azkar na safe da yamma, da tilawa bayan Asuba, da i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. Kiristocin birnin suna da lokacin shiru na safiya da addu'ar dare, kuma Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, wadda rikicin ya fi yi wa ɓarna cikin majami'u, ta daɗe tana shirya tarukan warkar da raunin zuciya ga mabiyanta. Malamai za su tunatar cewa ibada don Allah ake yin ta, ba don saukar da hawan jini ba, kuma gaskiya suka faɗa. Amma wanda ya tsaya sau biyar a rana ya bar gaɓoɓinsa suka natsu, zuciyarsa ta halarta, ya samu horon da wasu ke biyan kuɗi su koya. Asarar ita ce a yi sallar cikin minti biyu, ido a ƙasa, zuciya a kasuwa.

Akwai kuma abin da ya wuce masallaci da majami'a. Ɗinkin hula, wanda mutanen Bama suka shahara da shi kuma suka taho da shi Maiduguri lokacin hijira, aiki ne da ke cin makonni kafin a gama hula ɗaya mai kyau. Allura ba ta yarda da zuciya biyu: in hankali ya tafi, zane ya karkace ko yatsa ya sha suka. Matan da ke zama rukuni a inuwar dogon yaro suna ɗinki don abin sakawa a bakin salati suke yi, amma suna samun ribar da ba su ƙidaya ba, ta awanni da hankali ke tsaye a wuri guda kuma kusa da 'yan'uwa. Barebari suna kiran haƙuri kanadi, Hausawa kuma sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai haƙurin da ke warkarwa shi ne wanda mai shi ya san abin da ke ci masa rai ya kuma ambace shi. Wanda ya danne ya ce ba komai, jikinsa ne zai yi magana a madadinsa.

Ƙungiyoyin da ke aiki a Borno sun fahimci haka. Gidauniyar Neem, wadda Dakta Fatima Akilu ta kafa, tana kai masu ba da shawara har cikin unguwanni da sansanoni, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya kuma tana da tawagogin tallafin ƙwaƙwalwa da ke haɗa zaman tattaunawa da sana'ar hannu da wasanni.

Ina ruwan ma'aikacin Abuja?

Babu mai hankalin da zai daidaita cunkoson Mararaba da daren ambaliya. Amma injin da ke aiki a jiki guda ne. Ma'aikacin da ya bar Suleja ko Masaka ko Kubwa tun duhun Asuba don ya isa Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas, wanda kuɗin motarsa ya ninka tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024 bai cike masa giɓi ba, ƙararrawar jikinsa ita ma ba ta yin shiru. Hadimin minista ko na ɗan majalisa yana da nasa nau'in: waya biyu ko uku, rukunonin WhatsApp da ba sa barci, kiran maigida da ƙarfe ɗayan dare, da sanin cewa kujerarsa na iya tafiya da sanarwa guda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙonewar kuzari saboda aiki a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa duniya na asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda tsananin damuwa da fargaba.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Takardun da ke yanke makomar Bulabulin a teburin waɗannan ma'aikata suke kwana: rahoton injiniya kan lafiyar madatsa, wasiƙar neman sakin kuɗi, hasashen ruwan sama, jerin sunayen masu karɓar tallafi. Wasunsu ma a Maiduguri suke aiki, a Hukumar Raya Arewa maso Gabas mai hedikwata a can, ko a ofisoshin Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa. Jami'in da ke karanta shafi idonsa na kan waya zai iya tsallake sakin layin da ke ɗauke da gargaɗi. Wanda fargaba ta cika shi yakan zaɓi abin da zai kare kujerarsa yau, ya ɗage abin da zai kare gari baɗi. Natsuwar ma'aikacin gwamnati, saboda haka, ta wuce lafiyar kansa, ta shiga cikin amanar da aka ɗora masa.

Abin da za a iya farawa da shi ba shi da yawa. Na farko shi ne kafa ƙafa. Idan zuciya ta fara bugawa, kafin shiga ofishin maigida ko bayan mummunan saƙo, mutum ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya fitar da numfashi a hankali har huhu ya kusa zama wayam, ya bar shi ya cika da kansa, sau biyar ko shida. Sannan ya lura da abu biyar da idonsa ke gani, da sautukan da kunnensa ke ji, da abin da fatarsa ke taɓawa. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa.

Na biyu shi ne kiran tunani da sunansa. Maimakon mutum ya ce a ransa za a kore ni, sai ya ce ga tunanin kora ya sake zuwa. Bambancin kamar ƙarami ne, amma yana raba mutum da tunanin, kamar yadda mai tsaye a bakin titi yake ganin mota na wucewa ba tare da ya shiga ba.

Na uku shi ne zaɓar aiki guda a rana da za a yi shi shi kaɗai. Alwala ta dace da wannan: jin sanyin ruwa a hannu da fuska, gaɓa bayan gaɓa, ba tare da magana ba. Haka shan shayin safe, ko tafiya daga tasha zuwa ofis waya na cikin aljihu, ko minti goma na farko bayan shiga gida, a saurari yaro har ya gama maganarsa.

Na huɗu shi ne yi wa damuwa lokaci. Wanda lissafin kuɗin makaranta ke hana shi barci ya ware minti 15 da yamma, ya zauna da biro da takarda ya rubuta abin da ke damunsa da matakin da zai iya ɗauka gobe. Idan tunanin ya dawo da tsakar dare, ya tuna masa cewa an riga an ba shi lokacinsa. Shawarar al-Balkhi ta shafi dukkan waɗannan: a koye su a ranar da hankali ke kwance, domin ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi.

Inda natsuwa ta tsaya

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Horon ba ya yi wa kowa aiki, kuma ba a cusa shi da dole. Wani babban gwaji da aka yi a makarantun sakandaren Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya nuna cewa koyar da shi ga ɗalibai baki ɗaya a aji bai fi darussan da aka saba ba. Ga wanda ya ga kisa ko ya tsira daga ruwa, rufe ido da zurfafa cikin jiki na iya dawo masa da hoton abin da ya gani. Irin wannan mutum ya bar idonsa a buɗe, ya jingina hankalinsa ga abin da ke waje, kamar bango ko bishiya ko muryar mai magana, ya kuma tsaya da zarar abin ya yi masa nauyi.

Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ko mafarkin firgici ya hana shi barci, ko yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin hallaka kansa ya fara zo masa, asibiti ne wurinsa, kuma zuwa can ba raunin imani ba ne. Haka wanda ya koma neman barci ko ƙarfin aiki a ƙwaya. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma turamadol da kodin na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa.

Sannan numfashi ba ya gina madatsa, ba ya yashe magudanar ruwa, ba ya biyan albashi. Zai zama zalunci a ce wa mutumin Bulabulin ya natsu alhali gaɓar Ngadda na nan yadda take, ko a tara ma'aikata a koya musu shaƙar iska a madadin biyansu haƙƙinsu. Amfanin natsuwa shi ne ta bar wa mutum hankalin da zai nemi haƙƙinsa da shi, ya kuma sauke wanda ke kansa.

A nan ma ƙwallon na hannun masu riƙe da takardu a Abuja. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kula da wannan fanni. Aiwatar da ita aikin daraktoci ne da jami'an kasafi da hadiman 'yan majalisa. Darasin zama biyar da aka gwada a Yuganda da Turkiyya faifan murya ne, kuma Maiduguri na da gidajen rediyo irin su Dandal Kura da BRTV da ke magana da Barbarci da Hausa, tana da limamai da fastoci da ungozomomi da malaman Islamiyya da jama'a suka amince da su. Abin da ya rage shi ne a fassara, a horar, a sanya shi cikin shirin tunkarar damina kamar yadda ake sanya buhunan yashi da kwale-kwale. Hukumar hasashen yanayi takan fitar da rahotonta tun farkon shekara, ruwan Borno kuma yakan kai ƙololuwa a Agusta da Satumba. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai watanni da suka isa a koya wa unguwa guda yadda za ta saurari hadari ta kuma yi barci.